Sabon Bawan Alhaji Bashari

Alhaji Bashari Bafulatani ne, amma in ka gaishe shi da Fulatanci sai ya ce ka maimaita. Malam Talle kuwa Babarbare ne wanda Barbarcinsa bai wuce na roƙon ruwan sha ba. Wannan bai hana su komai ba. Tun ranar da suka fara haɗuwa a Riyad suka ɗauko wasan nan na Fulani da Barebari, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, suka riƙe shi da hannu biyu kamar shi kaɗai iyaye suka bar musu gado.

Alhaji tela ne a unguwar Jaradiyya. Ya shigo ƙasar tun yana saurayi, da ƙafa, ta Sudan, ya yi shekaru a Hijaz kafin ya gangaro Riyad. Talle direban tifa ne, yana kai yashi wajen Dir'iyya. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, Hausawan da ke kusa sukan taru a ɗakin baƙin Alhaji su ci tuwo, kuma ba a watsewa sai an yi gwanjo. Alhaji zai warware rawaninsa ya zarga a wuyan Talle, ya ja shi tsakiyar ɗaki ya ce ga bawa na sayarwa, wa zai taya. Wani ya taya ƙwallon dabino, wani ya ce ko kyauta ba ya so, wannan ci ne da shi kamar gara. Alhaji ya matsa masa damtse, ya buɗe masa baki a duba haƙora. Daga ƙarshe Talle ya fanshi kansa da goro. Wani makon kuma shi zai rama, ya ƙwace hular Alhaji ya ce bawa ba ya sa hula a gaban ubangidansa. Maƙwabtansu Yamalawa tun suna leƙowa in sun ji ihu har suka saba.

Alhaji yana da jika guda, Nazira. Ɗansa ya rasu a haɗarin mota a hanyar Dammam tana ƙarama, uwarta ta koma gida ta yi wani auren, shi ya raine ta. A Riyad aka haife ta, a nan ta yi karatu. Larabci a bakinta kamar ruwa, Turanci ba laifi, Hausa kuwa sai ta tsaya ta yi lalube. Tana aiki a wani ƙaramin asibiti, ɓangaren mata, ita ke karɓar masu zuwa.

A shekarar 1995 kafilin Alhaji, Balaraben da ya tsaya masa yake zaune a ƙasar da sunansa, ya rasu, 'ya'yansa suka ce za su sayar da shagon, su ba za su sabunta wa kowa iƙama, wato takardar izinin zama, ba. Alhaji bai damu ba. Ido ya fara gajiya da zare, kuma ya riga ya gina gida a Misau. Abu ɗaya ne ke hana shi sukuni: kada ya koma shi kaɗai. Yana so in ajali ya zo, Nazira ce za ta ɗiga masa ruwa a baki. Saboda haka duk wanda ya zo nemanta, tambayar farko ita ce a ina zai ajiye ta. Wanda ya ce Riyad ko Jidda, sai ya sha shayi ya kama gabansa.

Ana cikin haka Jamal ya bayyana. Ba'amurke ne baƙar fata, dogo, mai magana a hankali. Ya fara zuwa ƙasar cikin sojoji lokacin yaƙin Kuwait, a nan ya musulunta. Da ya bar soja sai ya dawo yana aiki da wani kamfani mai gyaran na'urorin asibiti. A wurin gyara ya ga Nazira, ya tambayi wane ne waliyyinta, aka yi masa kwatancen shagon. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ta saman tabarau, ya jefa masa tambayar da ya saba da Larabci.

“In an ba ka, ina za ka ajiye ta?”

“Inda kuka fito,” in ji Jamal. “Daga can aka ɗauko kakannina. Ban san garin ba, ban san yaren ba. In za ku tafi da ni, ina so.”

Alhaji ya ajiye almakashi ya ce ya zo cin tuwo ranar Juma'a.

Ya zo, kuma ya ci gaba da zuwa. Ya koyi yanka loma, ya koyi gaisuwa har da ina gajiya, ya fara tambayar ko akwai asibiti a Bauci da ke neman mai gyaran na'ura. Yana da wata ɗabi'a da ta ba mutane abin tsokana: in zai yi dariya sai ya sa hannu ya rufe baki. Alhaji, da yake kaka ne kuma yana da damar wasa da mai neman jikarsa, sai ya laƙaba masa amarya. Jamal ya yi dariya, ya sake rufe bakin.

Wani lokaci in an gama ci akan tambaye shi labarin ƙasarsu. Ya gaya musu cewa lokacin da mahaifinsa ke saurayi a Alabama, famfon shan ruwan Turawa daban ne, na baƙaƙe daban, kuma a motar haya baƙi sai kujerar baya. Ya ce mahaifin nasa ya shiga jerin gwanon neman 'yancin jefa ƙuri'a, aka sakar musu karnuka, har ya rasu akwai tabon cizo a ƙafarsa. Ya ce sunan da danginsu ke amsawa na Baturen da ya mallaki kakanninsu ne, shi ya sa ya ajiye shi. Mutane suka yi ta Allah sarki, suna girgiza kai da gaske. Talle har da hawaye, ya ce Bature bai yi ba.

Duk tsawon watannin nan ba a yi gwanjo ba ko sau ɗaya. Ba wai wani ya hango aibu a ciki ba ne. Wasan na 'yan gida ne, ba a yin sa a gaban baƙo, shi ke nan. Sai dai rashin wasan ya fara yi wa mutane ƙaiƙayi, Alhaji kan dubi wuyan Talle ya shafa rawaninsa ya yi ƙwafa.

Da magana ta kankama, aka ce wa Jamal namiji ba ya zuwa neman aure da kansa, sai da manya. Shi kuwa ba shi da kowa a Riyad sai abokan aiki Filifinawa. Talle ya bugi ƙirji ya ce shi ne uba. Ya ce ai ko makaho ya shafa tsawon nan da baƙin nan ya san jinin Barno ne, ɗansu ne da ya ɓata ya dawo. Jamal ya ji daɗin maganar fiye da yadda Talle ya zata. Tun daga ranar yake kiran sa Baba Talle, ya sayi taswira ya nemo inda Barno take. Talle ya koya masa yadda ake durƙusawa da inda ake ajiye ido a gaban manya. Abin da ke tsakanin Barebari da Fulani ne kawai bai faɗa masa ba, don bai taɓa haɗuwa da wanda sai an faɗa masa ba.

Ranar da aka sa, ɗakin ya cika har ƙofa. Talle ya sha babbar riga ya zauna a gaba, ya nemi iri da kalamai masu daɗi. Alhaji ya ja rai kaɗan don kada a ce neman kai yake da ita, sannan ya ce ya bayar. Aka yi fatiha, aka raba goro da dabino. Mata a ɗaya ɗakin suka rangaɗa guɗa a hankali saboda maƙwabta.

Farin ciki ya cika Alhaji har ya rasa inda zai sa kansa. Ya ga gidansa na Misau da mutane a ciki. Ya miƙe, ya kama bakin rawaninsa ya fara warwarewa. Ɗakin ya ɗauki shewa tun kafin ya gama, Talle ya miƙa wuya yana dariya. Alhaji ya wuce shi.

“Kai ka tsufa, ba mai sayen ka,” ya ce. “Yau na yi sabon kamu. Ɗan Barebari ai Babarbare ne.”

Ya zarga rawanin a wuyan Jamal ya ja shi tsakiyar ɗaki. Jamal ya biyo shi yana murmushi, a zatonsa wani naɗi ne ake yi wa ango.

“Jama'a, ga bawa sabo fil! Wa zai taya?”

“Na taya ɓarin goro!”

“Albarka!”

“Kofin shayi, ba sukari!”

“Albarka! Ku dubi kaya dai.”

Alhaji ya juya shi ya nuna musu faɗin kafaɗa. Ya ɗaga masa hannu ya matsa damtse, ya buga masa baya a ji ƙarfi. Da Hausa ake yi, kuma Hausar Jamal ba ta kai nan ba, amma abin bai buƙaci tafinta ba. Akwai igiya a wuya, akwai mai juya shi, ga mutane zaune suna ɗaga yatsa. Murmushin ya tafi. Alhaji bai lura ba, ya yi ɗage, don yaron ya fi shi tsawo, ya sa babban yatsa ya janye masa leɓen ƙasa ya nuna wa jama'a haƙora.

Jamal bai ture shi ba. Ya tsaya ƙyam yana kallon bango har Alhaji ya sake shi. Sannan ya sa hannu biyu ya cire rawanin daga wuyansa, ya ninke shi da kyau, ya ɗora a hannun tsohon. Ya yi sallama ya fita. Talle ya bi shi da goron fansa a hannu yana kiran ya tsaya ba a gama ba, amma kafin ya sauka ƙasa mota ta tashi.

Aka zauna ana kallon juna. Wani ya ce ko an kira shi asibiti ne. Wani ya ce mutanen Amurka dai ba su san wasa ba. Tuwon ranar da yawa ya kwana.

Nazira ta ji dariyar daga ɗakin mata, ta ji lokacin da ta yanke. Da baƙi suka watse ta sa kakanta ya faɗa mata abin da ya faru, ya faɗa yana neman ta taya shi mamaki. Ta san wasan tun tana yarinya, ta sha leƙe ta labule tana dariya. Yau ba ta yi ba.

“Ya jaddi,” ta ce, yadda take kiran kakanta da Larabci, “shi ka saka wa igiya?”

“Rawani ne. Rawanina na kaina.”

“Ka ji labarin babansa da karnuka. Kana wurin.”

“To me ya haɗa? Wancan Turawa ne. Ni ɗaukaka shi na yi. Baƙo ai ba a taɓa shi.”

Ta buɗe baki za ta amsa, Hausar ta ƙare mata, ta ƙarasa da Larabci mai zafi. Alhaji ya tsinci abin da ya tsinta. Abin da ya fi shiga kunnensa shi ne cewa in Jamal ya fasa, ita ba za ta ga laifinsa ba.

Tsoro ya kama Alhaji sosai. Bayan kwana biyu, da la'asar, ya sa Talle ya kai shi unguwar Nasim inda Jamal ke haya. Tsoho ne zai je ba yaro haƙuri, abin da bai taɓa yi ba, amma ya hau matakalar bai yi ƙorafi ba. Jamal ya karɓe su da ladabi, ya kawo shayi, ya zauna a ƙasa.

Talle ne ya yi bayani da Larabcinsa na direbobi. Ya ce wasa ne tun na kakanni, Fulani da Barebari, ba mai jin haushi, kuma in an yi maka kana da damar ramawa. Alhaji ya warware rawanin ya miƙa wa Jamal.

“Ungo, ɗaure ni. Ka kai ni har kasuwar Batha in ka ga dama. Haƙƙinka ne.”

Jamal ya dubi rawanin bai karɓa ba.

“Na yarda ba da mugunta ka yi ba, Baba Alhaji,” ya ce. “Tun a ranar na sani. Amma akwai labarin da ban ba ku ba, don ba na cin abinci ba ne.”

Ya ce kakar kakarsa tana yarinya aka ɗora ta a kan tebur a wani gari a Jojiya. Mai saye ya buɗe mata baki ya duba, ya saye ta, ya bar uwarta. Ta rayu har ta ga 'yanci, ta tsufa, amma ba wanda ya sake ganin haƙoranta. In za ta yi dariya sai ta rufe baki. 'Yarta ta taso ta ga haka ta ɗauka, ita ma tata 'yar ta ɗauka. Shi a wurin kakarsa ya koya, bai ma san dalili ba sai da ya girma.

Ba wanda ya ce Allah sarki wannan karon. Talle ya yi ta juya kofi a hannu.

“A garinku haka ake wasan?” Jamal ya tambaya. “Da igiya, da duba baki?”

“A'a,” in ji Talle da sauri, ya samu abin da zai iya amsawa. “A gida baki ne kawai, bawana, bawana, sai ko a ƙwace hula. Wannan na gwanjo da haƙora Alhaji ne ya ƙaro. Shi ya sa nasa ya fi na kowa armashi.”

Jamal ya juya ga tsohon. Ba faɗa a muryarsa, tambaya ce kawai.

“A ina ka koya?”

Alhaji ya buɗe baki zai ce ai kowa ya sani, sai ya tsaya. Ya san a ina. Yana ɗan koyon ɗinki a Hijaz, tun kafin a hana cinikin mutane a ƙasar, maigidansa ya aike shi kai kaya wani gida. A tsakar gidan akwai benci, akwai mutane zaune a kai, ga wani dillali yana juya wata yarinya. Ya ɗaga mata hannu, ya buga mata baya, ya sa babban yatsa ya janye mata leɓen ƙasa. Akwai zane a kumatunta irin na mutanen gida. Shi ya ajiye kaya ya fita, bai taɓa ba kowa labarin ba, har ya ɗauka ya manta. Ashe hannunsa bai manta ba, kowace Juma'a yana yi ana dariya.

Alhaji ya naɗe rawanin a cinyarsa ya ce wa Talle su tafi.

Jamal bai fasa ba. Ya aika Baba Talle ya faɗa cewa in har yanzu an ba shi, yana so. Amma maganar Misau ya janye ta. Ya ce ba fushi ba ne. Ya ce a ƙasarsu ya san inda abin yake, ya san fuskar masu yi, ya san yadda zai tsare 'ya'yansa. A Misau kuwa masu ƙaunarsu ne za su yi musu, suna dariya, kuma ba zai iya bin gari gida-gida yana ba da labarin kakarsa ba. In kwantiraginsa ya ƙare, Amurka zai koma da matarsa.

Alhaji yana da ikon ya ce ya fasa bayarwa. Shi ne waliyyi, kuma ya kori wasu a kan abin da bai kai wannan ba. Ya kira Nazira ya tambaye ta abin da take so. Ta durƙusa, ta yi kuka, ta ce tana son kakanta kuma tana son mijin, kuma ita Misau ba ta taɓa ganin ta ba sai a hoto. Ya gane amsar. Aka ɗaura aure kafin azumi, aka ci shinkafa da rago, ba a yi wasan komai ba. Jamal ya ci gaba da zuwa gaisuwa yana durƙusawa yadda aka koya masa, Alhaji na amsawa da mutunci. Bai sake ce masa amarya ba.

Iƙamar Alhaji ta riga kwantiragin Jamal ƙarewa, don haka shi ya fara tafiya. Nazira da mijinta suka yi masa rakiya har filin jirgi, ta riƙe hannunsa ta yi masa alkawarin zuwa da Hausarta mai lalube. Ya ce Allah ya kawo ku, ya sa musu albarka. Suka koma gefe don su ba tsofaffin wuri.

Talle ne ya turo masa kaya har inda ake tsayar da masu rakiya. Ya ga yadda abokinsa ya yi shiru tun daga gida, abin ya dame shi. Shekaru masu yawa bai san wata hanyar faranta masa ba sai guda. Ya waiga ya tabbatar Jamal ba ya kallo, sannan ya sunkuyar da kai ya miƙa wuya.

“To, ubangidana, ba za ka sayar da ni ba kafin ka tafi? Ko ɓarin goro ne ka samu na hanya.”

Alhaji ya dubi wuyan. Ya ɗaga hannu, Talle ya fara murmushi. Sai ya kama wuyan rigar Talle da ya karkace, ya daidaita masa shi, ya saka maɓallin sama da ya ɓalle.

“Malam Talle,” ya ce, “na gode. Allah ya saka da alheri.”

Tunda suke bai taɓa kiran sa da sunansa ba. Ya ɗauki jakarsa ya shiga layi shi kaɗai. Talle ya tsaya a wurin da goron fansa a aljihu, har wani ɗan sanda ya zo ya ce masa ya matsa ya ba mutane hanya.